Yanar Yakuwa da Jinyar Baban Ummi

Assalamu alaikum. Sunana Rabi, amma a layinmu na Kudenda in ka ce Rabi ba wanda zai nuna maka gidana, sai ka ce Maman Ummi mai fate. Ban jima da fita takaba ba. Tun ina cikinta na ƙudurta cewa in na fita sai na rubuta abin da ya sami maigidana, Malam Sale, don duk mai ɗan lambu a bayan gidansa ya ji. Ba don in tona wa kowa asiri nake rubutawa ba. Mutanen da zan yi ƙorafi a kansu su ne dai waɗanda suka riƙe ni a jinyar nan, kuma na faɗa musu zan rubuta.

Faten tsaki nake dafawa, in kai bakin kamfanoni da rana ma'aikata su sha. Wanda ya san fate ya san ba ya daɗi sai da yakuwa, kuma da rani yakuwa tsada take ba ta wasa ba. Shi kuwa Malam, tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe bai sake samun aikin albashi ba. Ya yi gadi, ya yi dako, a ƙarshe ya dawo gida, ga shi mutum ne da zama ke ci wa rai. Sai ya share ɗan filin da ke bayan ɗakinmu ya shuka yakuwa, yana ba ta ruwan rijiya safe da yamma. Ganye nawa, in ta yi zoɓo nasa. Yakan ce mini, "Ke ce kamfani, ni ne mai kawo kaya." Ni kuma in ce masa kamfanin nan bai taɓa biyan mai kawo kaya ba, kuma ba shi da niyya. Wasa muke yi, amma na sani sarai yakuwar nan ce ta sa yake iya zama cikin maza ya ɗaga kai.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, sai na fara ganin wasu ɗige-ɗige farare a kan ganyen da yake tsinko mini, ƙanana kamar an tsattsaga da bakin allura. Na ce masa ganyen nan ya kode. Ya ce rana ce. Bayan 'yan kwanaki ganyen ƙasa suka yi ruwan ɗorawa, daga nan suka koma launin tsatsa. In ka shafa bayan ganyen sai ka ji ɗan gari-gari a yatsa. Sannan yana ta fito. Wata siririyar yana ce, ta haɗa ganye da kara, ta lulluɓe kan tsiron, ba ka ganinta sosai sai rana ta haske ta.

Ni dai tsintsiya na ɗauko. Mahaifiyata ta tashe ni a kan cewa yana a gida talauci take kira, kuma namu talaucin ba ya buƙatar gayyata. Ranar kuwa Yaya Lami ta zo daga Unguwar Mu'azu. Ita ce yayar Malam, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma maganarta a wurinsa ba ta faɗuwa ƙasa. Tana ganina da tsintsiya ta daka mini tsawa.

"Kul, Rabi! Kin manta gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin kogo ya rufa wa Ma'aiki asiri, tsira da aminci su tabbata a gare shi? Ya zo gonar ƙanena ya yi saƙa ki ce za ki share? Wannan ai tsari ne."

Na ce, "Yaya, tsarin da ke cinye ganye?"

Ta ce bakina ne zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Malam ya karɓi tsintsiyar daga hannuna a hankali ya jingine ta. Ya durƙusa yana kallon yanar, har da murmushinsa, ya ce duk shekarun da ya yi a masaƙa bai taɓa ganin zare siriri haka ba. Ban ga gizo-gizo ko ɗaya a gonar ba, na kuma faɗa, amma ba wanda ya saurare ni.

Haka aka bar ta wajen mako biyu. Yanar ta bi kunya-kunya, ganye yana zuba, abin da ya rage a jiki ba ya shiga tukunya. Wata safiya dole na je kasuwa na sayo yakuwa. Na so in shigo da ita a ɓoye cikin buhun tsaki, sai muka yi kiciɓis a ƙofar gida. Ya dubi ganyen, ya dube ni, ya wuce. Ranar bai ci abincin rana ba, na dare ma ya ce ya ƙoshi.

A majalisarsu aka ba shi shawarar fiya-fiya, maganin sauron nan da ake ƙullawa a kwalabe marasa suna ana yawo da shi a kasuwa. Aka ce masa ba abin da ba ya kashewa. Bai gaya mini ba, bai gaya wa Yaya ba, don ya san ɗayarmu za ta yi faɗa ɗaya kuma za ta yi wa'azi. Ya jira sai da na fita da fate.

Yadda ya yi aikin, maƙwabciyarmu Mama Chidi ce ta ba ni labari daga baya. Inyamura ce, tana da shagon kayan miya a ƙofar gidanta, katangar da ke tsakaninmu kuma ba ta wuce ƙirji ba. Ta ce ya juye kwalbar a bokiti da ruwa kaɗan, wai don ya ji. Ba shi da injin feshi, sai ya tsoma tsintsiya yana yayyafawa. To Malam mutum ne mai lura, ya gane cewa abin a bayan ganye yake zaune. Don haka ya tuɓe riga saboda zafi, daga shi sai singileti, ya kishingiɗa a tsakanin kunya yana watsa maganin sama daga ƙasa. Duk ɗigon da bai kama ganye ba a kansa yake dawowa, fuska, wuya, ƙirji. Da yamma ya ce kansa na ciwo, na jiƙa masa tsamiya, na ce rana ce ta dake shi. Washegari ya duba ya ga abin bai mutu ba, ya sayo wata kwalbar ya sake.

Na dawo bayan azahar na same shi zaune jikin katanga. Gumi yana zuba kamar an kwara masa ruwa, yawu na dalala, hawaye na gudu alhali ba kuka yake ba. Ya yi amai a gefensa. Naman hannunsa da na fuskarsa yana ta motsi shi kaɗai kamar na dabbar da aka yanka yanzu. Warin maganin ya cika gidan. Na kira sunan da ban taɓa kiransa da shi a gaban mutane ba, bai iya amsawa ba. Na kwarma ihu, mutane suka shigo, ni kuma na ruga bakin titi neman keke mai ƙafa uku da zai kai mu asibiti.

Layinmu ba mu cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, Musulminmu da Kiristanmu, ko kwata ce za a gyara sai an yi mako ana musu. Amma ranar nan kowa ya yarda da abu ɗaya: wanda ya sha guba, manja ake ba shi. An kira Yaya Lami a waya, tana kuka tana cewa a ɗura masa manja kafin ta iso. Mama Chidi ta kawo galan guda daga shagonta. Ko da na dawo da mai keke, maza biyu sun riƙe shi, ɗaya ya toshe masa hanci, ana zuba masa a baki. Mutumin da ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa. Ya sarƙe, ya yi wani tari da har yau nake ji a kunnena, manja ya fito ta hanci. Haka muka sa shi a keke, da singiletin nan jiƙe da magani manne a jikinsa.

A asibitin gwamnati sai da aka ce in je in yanki kati, layi kuwa ya kai bakin ƙofa. Allah ya saka wa wata nas da alheri, ita ce ta ji warin ta tsaya. Ta sa safar hannu, ta yanke singiletin da almakashi, ta sa aka kai shi bakin famfo aka wanke shi tas da sabulu tun daga gashin kai. Likitar mace ce, yarinya ma, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta haska idonsa da tocila, ta nuna mini ƙwayar ta tsuke ta koma kamar kan allura. Ta saurari ƙirjinsa ta daɗe. Lokacin Yaya Lami ta iso, tana tsaye a bayana. Likitar ta ɗago ta ce, "Wa ya ba shi manja?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Mama, gubar nan muna da allurarta. Manjan da ya gangara huhu ne ba mu da abin kwashe shi. Da kun tuɓe shi, kun wanke shi da ruwa da sabulu, kun kawo shi ba ku ba shi komai ba, da yanzu magana ɗaya muke yi, ba biyu ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Makon farko na allura ne. Atirofin ake ce mata, sunan da ban taɓa ji ba, yanzu kuma ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi. Ta asibiti ta ƙare tun ranar farko, sai a rubuto a ce in je waje in sayo, in dawo a ce a ƙaro. Allurar ta busar da yawun, amma ta juya masa kai. Ya riƙa kama zare a iska yana ƙullawa, yana kiran abokan aikinsa na masaƙa, wasu sun rasu tuntuni, yana cewa su tsayar da inji zare ya tsinke. Zuwa ƙarshen makon ya dawo hayyacinsa, ya zauna, ya sha kunu. Abin da ya fara tambayata shi ne yakuwa. Na ce masa ya bar ni da zancen yakuwa, ita ta kawo mu nan. Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na ɗauka mun tsallake.

'Yan dubiya kuwa kowa da nasa. Wani ya ce madara, wani ya ce gawayi a daka da zuma, wata ta ce sammu ne aka yi wa gonar ya faɗa kan mai ita. Yaya Lami ta zo da rubutu a gora, nas ta ce a shafa masa amma kada a ɗura. Yaya ba ta yi musu ba. Tun ranar da likita ta yi maganar nan bakinta ya mutu, ita da ba ta gajiya da magana. Ta shimfiɗa tabarma a barandar asibiti ba ta koma gida ba, ita ke wanke masa kaya, ita ke zubar da fo. Mama Chidi ta ɗauke Ummi ta koma da ita ɗakinta, kullum kuma sai ta rufe shago ta kawo mana abinci. Ranar farko da ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka.

"Maman Ummi, abeg, ki yafe. A garinmu haka muke yi, wallahi. Ko yarona ne haka zan yi masa."

Na san gaskiya ta faɗa. Ina jin haushinta har cikin ƙashina, ina kuma cin shinkafarta, don ba ni da mai kawo mini wata.

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe shi. Tari ya yi nauyi, abin da yake fitarwa har da ja-ja. Wuyansa ya saki, in an zaunar da shi kai ya faɗo gaba. Aka sa masa iskar oksijin, tukunya ɗaya su biyu da wani tsoho, a cire wa wannan a sa wa wancan. Likita ta ce numfashinsa yana son inji, ta tura mu babban asibiti. Muka je da shi a kwance a bayan mota, muka wuni a baranda, aka ce gadon da ke da injin duk da mutane, mu bar lambar waya. Muka dawo inda muka fito. Ba a kira ba har yau. A makon ne na sayar da babbar tukunyar fate da kulolina. Ma'aikatan da nake sayar wa fate suka yi karo-karo suka aiko, har waɗanda nake yi wa gori kan cin bashi. Allah ya biya su, na janye gorin.

A bencin ƙofar ɗakin marasa lafiya na san Baba Gyang. Dattijo ne mutumin Filato, yana jinyar matarsa a ɗakin mata, sana'arsa kuma rainon furanni yana sayarwa a bakin titi. Zaman jinya yana sa ka ba wanda ba ka sani ba labarin da ba ka ba ɗan'uwa ba. Da na gama ba shi nawa, sai ya ce in na je gida wanka in tsinko masa ganye ɗaya. Na kawo a leda. Ya buɗe farin kwalin magani, ya karkaɗa ganyen a kai, ya ce in duba da kyau. Sai ga wasu ɗige-ɗige kamar garin barkono, suna tafiya. Ya murza da yatsa, suka bar jan zane a kwalin.

Ya ce, "Kin gansu. Ba gizo-gizon da kika sani ba ne, Mama. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne, a bayan ganye suke zama suna tsotse ruwansa, su ke yin yanar. Zafi da fari suke so. Furannina masu kama da zoɓo duk bazara sai sun hau su."

Na ce to me yake sa musu.

"Ruwa. Ki sa yatsa a bakin tiyo ko ki huda gora, ki wanke bayan ganyen da ƙarfi, da safe kafin rana ta yi zafi. In sun yi yawa ki kaɗa sabulu kaɗan a ruwan. Bayan 'yan kwanaki ki sake, don ƙwai suna ƙyanƙyashewa. Ganyen da ya mutu ki tsinke ki ƙone. Fiya-fiya kam ba ta gamawa da su, sai ma ta kashe ƙwarin da ke cinye su, su dawo sun fi da. In damina ta sauka ma da kansu za su watse."

Na ce, "Baba, ruwa da sabulu?"

Ya ce, "Shi ke nan."

Na tashi na zagaya bayan ɗakin, inda ake shanya, na yi kukan da ban yi ba tun da muka zo. Abin da likita ta faɗa a kan mutum, shi mai furanni ya faɗa a kan ganye. Rijiya tana tsakar gidanmu, sabulu yana kan katangar banɗaki, duk tsawon lokacin nan.

Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. In ka ga yana a kan yakuwarka ko zoɓonka, ka karkaɗa ganyen a kan farin abu ka duba kafin ka saurari kowa. Kada ka kai fiya-fiya kusa da abin da za a ci. In kuma tsautsayi ya sa magani ya zuba wa wani a jiki, a tuɓe shi, a wanke shi, a ruga asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja, kada a ɗura madara, ko wa ya ce, ko da wadda ta goya shi ce.

A mako na uku ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, da la'asar. Malam yana kwance da abin iska a fuska, ya rame har zobensa na azurfa ya dawo hannuna. Da ya ji ruwa a kan kwano ya buɗe ido yana kallon sama. Aka yi ta ruwa a 'yan kwanakin nan. Da na je gida na leƙa bayan ɗakinmu ba don ina so ba. Yanar ta tafi. Karan da na ɗauka sun mutu duk sun fitar da sabon toho, kore shar, ba ɗigo ko ɗaya.

Na koma asibiti, ya yi mini alama da ido in matso. Ya janye abin iskar da kansa, muryar can ƙasa. "Yakuwa fa?"

Na ce, "Ta farfaɗo, Malam. Ta yi toho."

Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Kin gani. Maganin ya ci."

Na mayar masa da abin iskar, na gyara masa filo. Ni da ba a taɓa kayar da ni a musu a gidan nan ba, na ce masa, "Ya ci."

Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan. Ya cika a mako na huɗu, da hantsi, Yaya Lami tana riƙe da kansa tana yi masa kalmar shahada, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban taɓa musun wannan ba. Amma zuciyata ba ta daina ƙuna ba, kuma ba zan yi ƙaryar ta daina ba.

Aka kawo shi gida. Mata sun cika ɗakina, Mama Chidi tana bakin ƙofa da Ummi a jikinta. Maza suka kewaye bayan ɗaki da tabarmi don yi masa wanka, nan gefen yakuwar, don ba mu da wani filin. Ina zaune sai ga Yaya Lami ta shigo, an aiko ta. Ta tsaya a kaina ta ce, "Rabi, masu wanka sun ce a ba su bokitin ruwa da..."

Ta kasa ƙarasawa. Ta dube ni, na dube ta, duk mun san abin da muke tunawa. Na tashi da kaina na ɗauko sabulun daga kan katangar banɗaki na sa mata a hannu, na ce ta ce musu su wanke shi da kyau.

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara.